FILIN HARSHE: "Broom" Da Tsintsiya, Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

A wannan fili namu mun saba ɗaukar kalma guda ta Turanci mu juya ta ciki da bai, domin amfanin yaranmu 'yan makaranta da iyayensu masu duba musu littafi da dare. Kalmarmu ta wannan wata ita ce "broom", wadda kowane ɗan aji ɗaya zai ce muku ma'anarta tsintsiya. Wani zai ce, to Malam, in dai har ɗan aji ɗaya ya san ta, mene ne na ɓata tawada a kanta? Amsa ita ce, ƙananan kalmomi irin wannan su ne suka fi kayar da yaro a jarrabawa, saboda ya ɗauka ya gama da su tun tuni, bai ƙara waiwayarsu ba.

Ga shi kuwa babu wata kalma da yaron ƙasar nan yake haɗuwa da ita da wuri kamarta. Daga Salaga zuwa Yendi har Bawku, in an koma hutu, da wuya ka ga takardar kayan da aka ce yaro ya zo da su babu "broom" a ciki, tare da adda ko fartanya. Kafin a buga ƙararrawar taron safe, yara sun riga sun sunkuya a filin makaranta, ƙura ta tashi. Wato dai da yawa daga cikinsu sun riƙe tsintsiyar makaranta kafin hannunsu ya saba da fensir.

Abin da ke littafi da abin da ke gida

Idan ka buɗe ƙamus na Turanci, zai ce maka "broom" wani abin shara ne mai doguwar ƙota, wanda aka kafa masa gashi mai tauri a ƙarshe, ana shara da shi a tsaye. Hoton da ke cikin littattafan da aka bugo daga Ingila ke nan. Tamu kuwa ba ta da ƙota. Tsinkaye ne aka tara aka ɗaure da igiya ko tsumma ko roba, mai shara ya sunkuya, hannu ɗaya a baya, in ta yi sako-sako ya buga gindinta a tafin hannu ta daidaita. Kuma iri biyu muka fi sani. Akwai tsintsiyar kwakwa, wadda ake ferewa daga jijiyar ganyen kwakwa, ana kawo ta daga kudu, ita ce ta tsakar gida da bakin titi. Akwai kuma tsintsiyar laushi ta ciyawa, wadda mata ke yankowa bayan damina, ita ce ta ɗaki da kan tabarma. Uwa ba ta rikita su. In ta ce, "Ke 'yar nan, miƙo mini tsintsiya," wurin da take tsaye ya isa ya gaya wa yarinyar wadda ake nufi.

Turawa ma suna da tsohuwar kalma ga abin da ya fi kama da tamu, wato "besom", ƙirare da aka ɗaure a jikin sanda. Yau ba kowane Bature ne ke amfani da ita ba, amma yaron da ya ci karo da ita a littafin adabi ya san inda ta dosa. A wasu sassan Ingila kuma, musamman arewa, za ka ji suna kiran abin sharar da sunan "brush" kawai. Saboda haka ko a gidan Turanci bakin bai zama ɗaya ba.

Asalin kalmar

A nan ne labarin ya yi daɗi. Tun farko "broom" sunan wani ɗan itace ne da ke fitowa a dazuzzukan Turai, mai fure rawaya da siraran rassa, ɗan dangin wake. Mutanen da suka riga mu suna yanko rassansa su ɗaure su yi shara, har a hankali sunan itacen ya koma kan abin sharar, ya ture "besom" gefe, yau fiye da shekara 500 ke nan. Har yanzu itacen na nan da sunansa, kuma akwai wurare a Ingila da suka samo suna daga gare shi, kamar unguwar Bromley da ke Landan. Har gidan sarauta ya ci albarkacinsa. Zuriyar sarakunan da suka mulki Ingila daga 1154 zuwa 1485, waɗanda ake kira Plantagenet, daga sunan itacen nan a harshen Latin suka samo laƙabinsu, domin an ce kakansu Geoffrey na Anjou yakan soka reshensa a hula.

To, ku dubi ikon Allah. Tsintsiya ma a Hausa sunan ciyawa ce kafin ta zama sunan abin shara, kuma tsofaffin ƙamusoshi, irin na Bargery da aka buga a 1934, sun kawo ma'anonin biyu. Bahaushe da Bature ba su yi shawara da juna ba, amma hanya ɗaya suka bi: kowa ya dubi tsiron da ke bayan gidansa, ya sa wa kayan aikin sunansa.

Akwai kuma abin da zai ba manoman Bawku mamaki. Tsintsiyar nan mai faɗi da ake gani a finafinan Amurka, da dawa ake yin ta. Wata irin dawa ce mai dogon gashi a kanta, suna kiranta "broomcorn", kuma dawa dai asalinta nahiyarmu ce. Ana ba da labarin wani manomi mai suna Levi Dickinson a garin Hadley na jihar Massachusetts, wanda ya fara ɗaura irin wannan tsintsiya a 1797, daga baya wata ƙungiyar Kiristoci da ake kira Shakers suka gano dabarar matse ta su ɗinke ta ta yi faɗi. Wato hatsin da muke tuwo da shi, ɗan uwansa ne ke share ɗakunan Amurka.

Me ya sa ba mu ari kalmar ba

Ga wata tambaya da muke so malamai su riƙa yi wa yara a aji. Hausa ta ari "brush" ta mayar da shi buroshi, muna cewa buroshin haƙori, buroshin fenti, buroshin takalmi. Ta ari "brake" ta ce burki, ta ari "driver" ta ce direba. To don me ba ta ari "broom" ba? Dalili a fili yake. Harshe yakan ari suna ne idan abin ya zo masa baƙo. Buroshi baƙo ne, ya tarar da mu da asawaki, ya zo da kamanninsa daban, sai muka karɓe shi da sunansa. Tsintsiya kuwa 'yar gida ce. Tun zamanin da fataken Gwanja ke sauke jakuna a Salaga su sayi goro, da asuba ake share zango, kuma da sunanta na Hausa ake kiranta. Bature bai kawo mana shara ba, don haka bai bar mana sunan abin yin ta ba.

Wannan aiki na auna kalmar wani harshe da ta Hausa ma ba sabo ba ne a ƙasar nan. Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934, ya yi aiki da wani Bajamushe mai suna Adam Mischlich, wanda ya buga ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Saboda haka idan ɗan zango ya zauna yana gwada "broom" da tsintsiya, sana'ar kakanninsa ya gada.

Yadda ake faɗinta

Bakin Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, shi ya sa muke cusa wasali tsakaninsu, kamar yadda muka gani a burki da direba. Haka yaro zai ce "burum". A hira wannan ba laifi ba ne, amma in ana shifta sai ya bi bakinsa ya rubuta abin da ya ji kansa ya faɗa. Maganin abin shi ne a sa shi ya fara da "room", wato ɗaki, ya maimaita har ta zauna, sannan ya rufe leɓɓansa kafin ya faɗe ta, ba tare da ya bar iska ta fita a tsakani ba. Turawa da kansu iri biyu suke faɗinta, wasu su ja wasalin, wasu su gajarta shi, duka kuma daidai ne. Kada malami ya wahalar da yaro a kan wannan.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a raba ta da maƙwabtanta masu kama da ita. "Bloom" fure ne ko buɗewarsa. "Groom" ango ne, ko mai kula da doki. "Boom" ƙara ce mai ƙarfi, ko bunƙasar kasuwa. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma harafin nan ɗaya ya isa ya sa yaro ya rubuta cewa an ɗaura auren amarya da tsintsiya, mai duba takarda ya yi dariya ya ja jan biro.

Inda yara suka fi tuntuɓe

Tuntuɓe na farko shi ne mayar da sunan ya zama aiki. Sau da yawa za ka ji yaro ya ce "I have broomed the class." A Turancin da ake so a jarrabawa, "broom" suna ne, aikin kuwa "sweep" ne, kuma in ya wuce sai a ce "swept", ba a ƙara masa "ed". Abin mamaki shi ne yaron nan bai taɓa yin wannan kuskure a Hausa ba. Bai taɓa cewa ya tsintsiye aji ba, yana cewa ya share. Da malami zai tuna masa cewa a harshensa ma sunan daban aikin daban, da an gama magana cikin minti ɗaya.

Tuntuɓe na biyu ya fi zurfi. Kalmarmu ta "share" tana da faɗi ƙwarai. Muna share ɗaki, muna share hawaye, muna share gona kafin ruwa ya sauka, muna share fage kafin a shiga magana, in wani ya dame mu kuma a ce mana, "Share shi kawai." Yaron da aka koya wa cewa share daidai take da "sweep", shi ke nan, zai ɗauki tsintsiyar Turanci ya nufi idon mai kuka da ita. Turanci kuwa kowanne da kalmarsa: ɗaki "sweep", hawaye "wipe", gona "clear", mutum kuma "ignore". Haka nan in ƙasa ta jiƙe ana gogewa, wannan "mop" ne, in kuma ganye ake tarawa da manjagara, wannan "rake" ne. Ita ma tsintsiya tana da nata yawon da "broom" ba ta bin ta. Tsintsiyar hannu, alal misali, "wrist" ce a Turanci, babu ruwanta da shara.

Na uku shi ne "broomstick", kuma wannan har manya yana kayarwa. A Turancin da muke yi a Ghana, in an ce "broomstick" tsinke guda ake nufi, irin wanda ake zarewa a sakace haƙori, ko a kai aji a koyi ƙidaya. A Turancin Ingila kuwa doguwar ƙotar nan ce, sanda sosai wadda za a iya korar akuya da ita. Shi ya sa yaro kan rikice in ya karanta tatsuniyar Turawa inda mayya ta hau "broomstick" ta tashi sama, ko ya ga an ambaci haka a labarin Harry Potter, wanda littafinsa na farko ya fito a 1997. Yana ta mamakin yadda mutum zai zauna a kan tsinke. Ma'anarmu ba ƙarya ba ce, ta fito ne daga irin tsintsiyar da muke da ita, kuma duk ɗan ƙasar nan zai gane ta. Sai dai ya kamata yaro ya san duka biyun, ya kuma san wadda zai kai gaban mai jarrabawa.

Masu canjin kuɗi a Bawku sun san cewa sidi ɗaya ba sefa ɗaya ba ce, kowane kuɗi da nauyinsa, sai an yi lissafi. To haka kalmomi suke. Wanda ya ɗauka kowace kalmar Hausa tana da takwararta guda a Turanci, a ba shi wannan ya miƙa waccan, zai yi ta asara bai san ta inda take shigowa ba.

Karin maganar kowa da irin tsintsiyarsa

Turawa suna da karin magana a kan sabuwar tsintsiya, cewa ita ce ke share wuri tas. Daga nan suke kiran sabon shugaba da ya zo da zafin gyara "a new broom". In an kawo sabon hedimasta ya fara tsayawa a bakin ƙofa da agogo a hannu, shi ke nan an sami "new broom". Sau da yawa akwai ɗan zambo a ciki, wato a bari a gani ko zafin zai daɗe. Suna kuma cewa an share abu an tura ƙarƙashin darduma, ma'ana an ɓoye laifi maimakon a gyara shi. A wurinsu dai tsintsiya alama ce ta kawar da datti da sauya tsohon hali.

Mu kuwa abin da muka gani a jikinta daban ne. Mun ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, su ma suna da irin wannan magana, cewa tsinke ɗaya ana karya shi, amma in an haɗa su ba su karyuwa. Bature ba zai yi wannan karin magana ba, domin tasa tsintsiyar a jikin katako aka kafa ta, ba a zare mata tsinke, ba a kwance mata ɗauri. Siffar abu ita ke haifar da hikimar da ake faɗa a kansa. Don haka yaron da ya rubuta wa Bature cewa danginsu "broom" ne, yana nufin kansu a haɗe yake, sai ya ƙara bayani, in ba haka ba a ɗauka zagin gidansu yake yi.

'Yan siyasa sun gane amfanin ma'anonin nan biyu. Jam'iyyar APC ta Nijeriya, wadda aka kafa a 2013 ta hanyar haɗe jam'iyyu da dama, tsintsiya ta ɗauka alama, wato ga haɗin kai ga alkawarin shara. Maƙwabtanmu na Burkina Faso kuma, a shekarar nan ta 2013, matasa suka kafa ƙungiyar Balai Citoyen, ma'ana tsintsiyar ɗan ƙasa, domin "balai" ita ce tsintsiya a Faransanci. Suna cikin waɗanda suka fito kan titi har Blaise Compaoré ya sauka a watan Oktoba na 2014, bayan shekara 27 yana mulki. Ko sharar ta fita ko ba ta fita ba, wannan sai mu bar wa masu shafin siyasa.

Abin da ya dame mu

Yanzu bari mu zo kan abin da ya sa muka zaɓi kalmar nan. Mu da muka bi ta kwalejin horon malamai, darasin farko da aka cusa mana shi ne a fara da abin da yaro ya sani, a kai shi ga abin da bai sani ba. Amma da yawanmu da zarar mun shiga aji sai mu ajiye darasin a bakin ƙofa. Yaro ya zo da tsintsiya a hannu, ya san irinta, ya san ciyawarta, ya san karin maganarta, ya san camfin da kakarsa ke yi cewa ba a shara da dare kuma ba a dukan mutum da ita. Duk wannan ilmi ne. Sai mu ce ya bar shi a waje, ya maimaita "This is a broom" sau goma, yana kallon hoton abin da babu shi a gidansu.

Abin bai tsaya nan ba. A makarantu da yawa an daɗe ana hukunta yaro in an ji ya yi harshen gida, kuma hukuncin da ya fi sauƙin bayarwa shi ne a miƙa masa tsintsiya a ce ya share fili. Ku duba wannan lamari da kyau. Da bulala ɗaya mun koya masa abu biyu marasa kyau: cewa harshen uwarsa laifi ne, kuma cewa shara horo ce ta masu laifi. Sannan mu dawo muna kukan yara ba su iya Turanci ba, kuma unguwa ta cika da leda.

Manufar gwamnati game da harshen koyarwa ta sha canzawa. A 2002 an ce a koyar da Turanci zalla tun daga aji ɗaya, daga baya aka dawo da harsunan gida a ƙananan azuzuwa. Dagbanci da Gwanjanci sun daɗe cikin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin buga littattafansu, Hausa kuwa, duk da cewa da ita ake ciniki a kasuwanninmu kuma ana jin ta a rediyo, ba ta sami wannan gata ba. Saboda haka nauyin ɗan zango a kanmu yake, mu malamai da iyaye. Babu dokar da ta hana malami ya ɗauki minti biyu ya tambayi aji, "Yaya kuke kiran wannan a gida?" A aji ɗaya a Bawku za ka iya samun amsa da Kusasanci da Mampurusanci da Bisanci da Mosanci da Hausa, ɗan makarantar allo kuma ya ƙara da "miknasa" ta Larabci. Yaron da ya ga abu ɗaya da suna shida a kan allo ba zai ƙara jin tsoron na bakwai ba.

Game da raina shara kuwa, ya kamata mu ji kunya. Mu ne muke cewa tsabta cikon addini. Malamanmu suna karantar da labarin matar nan da ke share masallacin Madina, wadda da ta rasu aka binne ta ba a sanar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba, da ya tambaya aka gaya masa sai ya je kabarinta ya yi mata salla. Dattawanmu kuma suna tuna zamanin 'yan duba-gari, waɗanda ake kira tankas ko samansaman, masu shiga gida su leƙa randa su kai ƙara. Da cutar kwalara ta ɓarke a ƙasar nan a 2014, sai da gwamnati ta ware Asabar ta farkon kowane wata domin sharar gari, aka fara a watan Nuwamba na shekarar. Abin da tsintsiyar sidi kaɗan za ta hana, in an yi sakaci, kuɗin asibiti ba ya mayar da shi. Kuma a raba aikin da adalci. In jadawalin shara a aji sunayen 'yan mata ne kawai, alhali maza na ƙwallo, to mun koya wa yaran wani darasi da ba ya cikin manhaja.

Maɗauri

A aji ɗaya da tsinken tsintsiya muke koya wa yara lissafi. Su ƙirga goma su ɗaure, mu ce wannan ɗauri ɗaya shi ne goma. Ba su san cewa karin maganar kakanninsu suke ɗaurewa da hannunsu ba. Mu manya kuwa mun san abin da ke faruwa in maɗauri ya tsinke. Mutanen Salaga da Yendi da Bimbilla ba su manta da yaƙin 1994 ba. Yendi ta ga abin da ya faru a watan Maris na 2002, kuma sai a watan Janairu na 2019 aka naɗa sabon Ya-Na, bayan dogon sulhu. Bawku ta sha ganin dokar hana fita ta rufe kasuwa, ta mayar da yara gida. A irin waɗannan lokuta filin makaranta yakan cika da ganye, babu mai sharewa, domin masu sharar da malamansu duk sun watse. Wannan fili ba na shari'ar wane ya yi daidai ba ne. Abin da muka sani a matsayinmu na malamai shi ne, benci ɗaya yakan ɗauki 'ya'yan ɓangarori biyu, kuma tsintsiya ɗaya suke karɓa-karɓa da safe.

Don haka ga aikin gida, na yara da na manya. Yara su rubuta jimla biyar: ɗaya da "broom", ɗaya da "swept", ɗaya da "wipe", ɗaya da "broomstick" a ma'anar Ingila, ɗaya kuma da "a new broom". Sannan kowa ya je wurin kakarsa ko wata tsohuwa a unguwa, ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta sunan ciyawar da ake tsintsiyar laushi da ita a harshensu, da watan da ake yankanta, da duk wani karin magana da ta sani a kanta. Ku aiko mana da abin da kuka samo ta hannun edita, ko da wane harshe ne, za mu jera su a wannan shafi kowa ya ga na ɗan uwansa.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki "cutlass", abokiyar tafiyar tsintsiya a takardar komawa makaranta, mu ga yadda aka yi takobin matuƙan jirgin ruwa ya zama addar noma a bakinmu. Kafin nan, Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, ya zaunar da garuruwanmu lafiya. Mu kwana nan.